Bikin Littafi na Gari: Wa Za a Zaunar a Kujerar Marubuci?

A shekarar 2021 aka buɗe a Kaduna bikin littattafai da fasahar Hausa wanda aka fi sani da HIBAF, ƙarƙashin ƙungiyar Open Arts da marubuci Sada Malumfashi ke jagoranta. Shekara huɗu kafin nan, a 2017, garin ya karɓi wani bikin littattafai mai suna KABAFEST, wanda akasarin zantukansa da Turanci ake yin su. Abin da sabon bikin ya zo da shi shi ne sa harshen Hausa da masu rubutu da shi a tsakiyar taro, inda mai karatu zai ga marubucin da ya daɗe yana jin sunansa, ya yi masa tambaya da harshen da aka rubuta littafin da shi.

Wannan labari ya shafi Nijar kai tsaye. Littattafan da ake bugawa a Kano da Zariya sun daɗe suna tsallako iyaka, ta Jibiya zuwa Maraɗi, ta Daura zuwa Damagaram, ta Illela zuwa Birnin Ƙonni da Tawa. A 2025 kuma kundin sake gina ƙasa ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Turanci a matsayin harsunan aiki. Matsayi a takarda abu ne mai daraja, amma doka ba ta rubuta littafi, ba ta kuma sayen sa. Harshe yana samun adabi mai rai ne in akwai wurin da marubuci da makaranci da mai bugawa ke haɗuwa. Saboda haka lokaci ya yi da Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai za su kafa nasu bukukuwan littafi, ƙanana, na cikin gari, waɗanda mutanen unguwa za su iya zuwa da ƙafa. Tambaya mafi wuya a gaban duk kwamitin da zai shirya irin wannan biki ita ce: wa za a kira marubuci?

Tarihin rubutun Hausa ya nuna cewa amsar wannan tambaya ta sha canzawa. A 1933 Rupert East ya shirya gasar ƙagaggun labarai a Arewacin Najeriya, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Gandoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. A wancan zamani hukuma ce ke zaɓen marubuci, ita ke bugawa, ita ke kai littafin makaranta. Bayan kimanin shekara hamsin, matasa maza da mata a Kano suka fara buga labaransu da kuɗin aljihunsu suna kaiwa kasuwa. Masana da dama sun raina wannan aiki, aka laƙaba masa sunan adabin kasuwar Kano, har a 2007 aka ƙona wasu daga cikin irin waɗannan littattafai a bainar jama'a. Duk da haka daga wannan kasuwar ne Ado Ahmad Gidan Dabino ya fito da In Da So Da Ƙauna, Balaraba Ramat Yakubu kuma ta fito da Alhaki Kuykuyo Ne, wanda aka fassara zuwa Turanci aka buga a Indiya a 2012. Waɗanda aka hana kujera jiya su ake nazarta yau a jami'o'i. Kwamitin da ya san wannan tarihi zai yi hattara kafin ya rufe ƙofa.

A Nijar rabuwar ta bi wata hanya dabam, domin harshen mulkin mallaka ne ya raba. Manyan sunayen adabin ƙasar da Faransanci suka yi fice. Abdoulaye Mamani ya fitar da Sarraounia a 1980, labarin sarauniyar Lugu da ta tsaya wa rundunar Voulet da Chanoine a 1899, kuma Med Hondo ya mayar da shi fim a 1986. André Salifou, wanda jami'ar Damagaram ke ɗauke da sunansa, ya rubuta tarihin daular Damagaram ta ƙarni na 19. Waɗannan ayyuka abin alfahari ne, amma jikokin mutanen da aka ba da labarinsu da yawa ba za su iya karanta su ba. A ɗaya gefen akwai masu rubutu da Hausar boko, waɗanda suka fito daga azuzuwan yaƙi da jahilci da makarantun gwaji na harsunan gida da aka fara a Damagaram a 1973, da waɗanda maɗaba'ar Albasa ta Yamai ta buga wa ayyuka. Da wuya a ji sunayensu a manyan taruka, alhali su ne suka tabbatar da cewa ana iya rubuta labari da darasi da waƙa da Hausar Nijar.

Biki na gari da ya amsa sunansa ya kamata ya tanadi kujera huɗu a jere, ba wadda ta fi wata tsawo. Ta farko ta mai rubutu da Faransanci ce, da sharaɗin a karanta wani yanki na aikinsa da Hausa a gaban jama'a. Ta biyu ta mai rubutu da Hausar boko ce, ko da littafinsa shafi arba'in ne da aka buga a ƙaramar maɗaba'a. Ta uku ta malamin da ke tsara waƙa da ajami ce. Sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami na cibiyar IRSH a Jami'ar Abdou Moumouni, wanda tushensa ke komawa ga tarin da Boubou Hama ya fara, shaida ne cewa alƙalamin zaure ya riga na lakwal zuwa ƙasar nan da ƙarnoni. Ta huɗu ta marubuciyar waya ce, wadda ke sakin labarinta babi babi a WhatsApp ko Wattpad, masu karatu na biyan ta ta hanyar tura kuɗi. Wataƙila ba ta taɓa riƙe littafinta a takarda ba, amma akwai matan aure da ɗalibai da ke kwana suna jiran babi na gaba. Kusa da waɗannan huɗun akwai gurbi ga masu wasan kwaikwayo, domin abin da Yazi Dogo da abokan aikinsa suka yi da Hausa a dandali da talabijin ya shiga gidajen da littafi bai taɓa shiga ba.

Za a ce mutane da yawa ba su iya karatu ba, to wa za a yi wa bikin? Wannan magana tana da nauyi, amma tarihin yankin ya riga ya amsa ta. Nana Asma'u, ƴar Shehu Usman ɗan Fodiyo wanda aka haifa a Maratta cikin ƙasar Nijar ta yau, ta tsara waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa, sannan ta kafa tsarin ƴan taru, inda jajoji ke haddace waƙoƙin su kai wa matan ƙauyuka. Rubutu ya isa kunnen wanda bai san baƙi ba ta bakin wanda ya sani. Haka nan gidajen rediyo a Kano suka daɗe suna karanta littattafan labarai, yau kuma ana sauraren su a waya. Bikin littafi a Maraɗi ko Tawa sai ya ginu a kan karatu da babbar murya: marubuci ya tsaya a gidan matasa ko a ƙofar makaranta bayan la'asar ya karanta babi guda, rediyon gari ya watsa, samarin fada su saurara a gindin butar shayi, washegari su zo da tambayoyinsu. Yaron da ya ga dattijo ya yi shiru yana sauraren abin da aka rubuta da harshen gidansu ya sami dalilin koyon karatu wanda allon aji bai ba shi ba.

Sai batun kuɗi, inda bukukuwa da yawa ke tuntuɓe. An saba ganin taron da rabin kasafinsa ke tafiya ga kujerun manyan baƙi da abin sha da alluna masu hotuna, marubuci kuma ya biya kuɗin motarsa, ya kwana gidan aboki, ya koma da kwalin littattafansa yadda ya zo da shi. Irin wannan taro ya karrama kowa ban da wanda aka taru dominsa. Ƙa'ida ta farko ita ce a ɗauke wa marubuci kuɗin hanya da masauki, a ba shi ladan karatunsa komai ƙanƙantarsa. Ta biyu, teburin sayar da littattafai ya zama a bakin ƙofa, kuɗin ya shiga hannun mai littafi a ranar. Ta uku, a nemi masu bugawa su fito da bugu mai sauƙi wanda ɗalibi zai iya saya da jikka guda ko ƙasa da haka. A gayyato kuma masu baza littattafai a kasuwa, irin na kasuwar Dole ta Damagaram, domin su suka san abin da ake nema da abin da ke kwantai. Lokacin bikin ma abin dubawa ne. Ranar littafi ta duniya, 23 ga Afrilu, tana faɗowa a tsakiyar zafin bazara, lokacin da rumbu ya fara sauka. Bayan kaka, sa'ad da amfanin gona ya shigo gida, iska ta yi sanyi, makarantu kuma suna buɗe, ya fi dacewa da garuruwan kudancin Nijar.

A nan ne aikin ɗaliban ilimin harsuna da malamansu ya fito fili. Tun taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980 ake ƙoƙarin daidaita rubutun Hausa, kuma a 1999 Nijar ta tsayar da nata ƙa'idojin. Har yau ɗan Nijar na rubuta ƴa da ƴanci da harafi mai lanƙwasa, ɗan Najeriya kuma na sa alamar ɗauri kafin y. A waya kuwa da yawa sun watsar da ƙugiya gaba ɗaya, har a kasa bambanta kafa da ƙafa, ko bata da ɓata, sai an duba jimla. Teburi guda a wurin biki, inda ɗalibai za su zauna da marubuci su bi shafi biyar na rubutunsa, su nuna masa raba kalma da haɗe ta, su sa masa allon rubutu mai ƙugiya a wayarsa, zai yi amfanin da laccar awa biyu ba za ta yi ba. Ɗalibin ma zai ƙaru, domin zai ga matsalolin da littafin nahawu bai ambata ba.

Sai dai gyara yana da iyaka. Mutumin Adar ko Gobir da ke cewa tahi a maimakon tafi, ko ɗiya a maimakon ƴa, ko mi a maimakon me, bai yi kuskure ba, karin harshensa ne. Idan kowane mai gyara ya mayar da bakin tsohuwar Tawa ya koma na ƴar birnin Kano, adabin Nijar zai rasa abin da ya bambanta shi, makarancin Kano kuma zai rasa damar jin faɗin harshensa. Hanya mai kyau ita ce bayanin mai ba da labari ya bi daidaitacciyar Hausa domin littafin ya yi tafiya mai nisa, maganar taurarin labari kuwa a bar ta yadda take fita daga bakinsu. Muhawara a kan wannan batu, a gaban marubuta da makaranta, ta cancanci zama guda a kowane biki.

Akwai kuma masu fargabar cewa ɗaukaka Hausa zai danne sauran harsuna. Fargaba ce da ya kamata a saurara, domin dokar 2001 ta lissafa harsunan ƙasa goma, kuma ba garin da Hausa kaɗai ake yi a cikinsa. Bikin Tawa ya buɗe zama ga mawaƙin Tamajak da rubutunsa na Tifinag da mai tatsuniyar Fulatanci, na Damagaram ya kira Barebari, na Yamai ya haɗa Zabarmanci da Hausa a rumfa ɗaya. Harshen da ya san ɗacin tsayawa a bakin ƙofa bai kamata ya tsayar da wani ba. Fassara tsakanin harsunan gida, ba tare da an bi ta Faransanci ba, aiki ne da ɗaliban sashen harsuna suka fi kowa cancantar fara shi.

Abu na ƙarshe shi ne kada biki ya zama dandalin yabo. Marubuci yana girma ne in aka gaya masa inda labarinsa ya yi rauni. A bar ɗaliba ta tashi ta tambayi mai littafi dalilin da duk matan labarinsa ke kuka ko makirci. A bar malamin zaure ya ce wani babi ya wuce gona da iri, marubucin ya kare kansa ko ya karɓa. Wannan ya fi ƙona littafi, ya kuma fi tafin da ba karatu a bayansa.

Abin da ake bukata domin farawa bai fi ƙarfin sashe guda na jami'a ba: rumfa, lasifika, teburi uku, marubuta shida daga cikin gari da kewaye, da yarjejeniya da rediyo guda. Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi, da ta André Salifou a Damagaram, da ta Djibo Hamani a Tawa, da ta Abdou Moumouni a Yamai, kowacce tana da ɗalibai da za su iya zagaya unguwanni su tattaro sunayen masu rubutu kafin kaka mai zuwa. Wannan jerin sunaye shi ne aikin farko, kuma daga gare shi za a gane ko kujerun nan huɗu sun cika.