Wai Ajiye Buhun Gero a Ɗaki Rashin Tawakkali Ne?

Jiya bayan sallar isha'i a majalisarmu ta nan Sheshe aka so a mayar da ni abin dariya. Laifina ɗaya ne: an ga mai kura ya sauke min buhun gero da rabin buhun wake a ƙofar gida. Wani abokina da muka yi makarantar allo tare ya dube ni ya ce, "Malam, yaƙi za a yi ne ba mu da labari?" Aka yi dariya, ni ma na yi. Sai wani ya ɗora da cewa ai wannan rashin tawakkali ne, bakin da Allah Ya tsaga ba Ya hana shi abinci. Na ukun ne ya ɓata min rai, don cewa ya yi irinmu ne masu ɓoye abinci muna jawo wa talaka tsada. Ban tanka ba saboda akwai manya a wurin. Amma na kwana da abin a raina, kuma na san dukkansu ukun suna karanta abin da nake rubutawa, to ga amsarku.

Kai mai tambayar ko yaƙi za a yi, wallahi mantuwarka ta ba ni tsoro. Ina kake ranar Alhamis 16 ga Afrilun 2020, da ƙarfe goma na dare, lokacin da gwamnatin Ganduje ta kulle Kano saboda korona? Mako ɗaya aka ce mana. Azumi ya shigo muna kulle, sannan ranar 27 ga watan Buhari ya yi jawabi ya ƙara mana mako biyu cur. Daga baya aka riƙa buɗe mu Litinin da Alhamis na 'yan awoyi, kowa ya ruga kasuwa lokaci ɗaya, ana turereniya, a garin da aka ce an kulle shi ne don kada mutane su cakuɗu. Na ga magidanta masu mutunci, waɗanda ba su taɓa roƙon kowa ba, suna aika yaro da kwano gidan maƙwabta bayan magariba don kada a gan shi. Wasunsu ba kuɗi suka rasa ba. Akwai kuɗin a aljihu, kanti ne a rufe.

Ba wannan ne na farko ba, ba kuma shi ne na ƙarshe ba. Ranar Juma'a 20 ga Janairun 2012 da aka kai hare-haren nan a Kano, dokar hana fita ta awa 24 aka saka, babu wanda aka yi wa sanarwar ya je ya yi cefane tukuna. Farkon 2023 sai abin ya zo ta wata fuskar: kasuwa a buɗe, kaya jibge, amma Emefiele ya canja fasalin naira 200 da 500 da 1000, takardar kuɗi ta ɓace. Kuɗinka na banki, kana kallonsa a waya, mai kayan miya ta ce ita ba ta san taransifa ba, mai POS kuma yana sayar maka da kuɗinka. Ranar 29 ga Mayun shekarar aka ce tallafin mai ya tafi, kafin ka ankara kuɗin mota ya hau kan kowane kwanon awo. Ranar 1 ga Agustan 2024 aka fita zanga-zangar tsadar rayuwa, kafin dare Gwamna Abba Kabir Yusuf ya saka dokar hana fita ta awa 24. Ƙirga da kanka sau nawa ke nan cikin shekara goma sha biyu. Babu ko ɗaya a ciki da aka kira yaƙi, amma a kowanne akwai gidan da ba a ɗora tukunya ba.

Mu 'yan cikin birni muna da wani rauni da ba ma son a faɗa. Ba mu da gona a bayan gida. Mutumin ƙauye ko ba shi da ko sisi, yana da 'yan dammunan gero a rumbu, yana da zogale a bakin danga. Mu kuwa komai sai an saya, har ruwan sha sai mai garuwa ya turo kurarsa cikin lungu. Ranar da mai garuwa bai fito ba, gida ya tsaya. Kusancinmu da Kurmi da Rimi ne ya ruɗe mu, muka ɗauka kasuwa ita ce ɗakin ajiyarmu, tunda taku kaɗan ne. To kasuwa tana da ƙofa, kuma makullin ba a hannunka yake ba.

Abin takaicin shi ne a cikin ganuwa muke wannan gardama. Ka taɓa tambayar kanka me ya sa magabata ba su gina ta daidai bakin gidaje ba? Sun zagaye fili mai faɗi, da gonaki da kududdufai a ciki, don ko an yi wa gari ƙawanya an rufe ƙofofi, mutane su ci su sha. Garin gaba ɗayansa a kan tanadi aka tsara shi. Waɗannan mutanen ne za ka ce ba su san tawakkali ba? Kuma sun ga abin da ya sa su tsoro. Yunwar da aka yi wa laƙabi da Kakalaba, bayan damina ta ƙi a 1913, ta kashe mutane masu ɗimbin yawa a ƙasar Kano a 1914, a daidai lokacin da jirgin ƙasa ya iso kuma kasuwar gyaɗa ta fara jan hankalin manoma. Tsofaffin da suka tashi da labarinta ba sa wasa da hatsi. Kakata, Allah Ya jiƙanta, duk awon da aka kawo sai ta ɗebi cikin tafi ta zuba a wata tukunya a ƙuryar ɗaki. Muna yara muna ganin rowa ce. Sai da na girma na tuna cewa duk ranar da Baba ya dawo bai samo ba, ba mu taɓa kwana da yunwa ba, kuma ba mu taɓa tambayar daga ina tuwon ya fito ba.

Kai kuma mai maganar tawakkali, ni ba malami ba ne, amma tare muka zauna a gaban malam. Annabi Yusuf, alaihis salam, da aka gaya masa mafarkin sarki, shawarar da ya bayar ita ce a noma shekara bakwai, a bar hatsin a zangarniyarsa, a ci kaɗan a ajiye saura. Ya kuma zo a Bukhari cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, yakan ware wa iyalinsa abincin shekara. Ni na wata biyu na saya ka ce imanina ya yi rauni. Kai da kake kulle shagonka da kwaɗo uku, ka ɗaure babur ɗinka da sarƙa ko masallaci za ka shiga, a nan ba ka ga rashin tawakkali ba sai a buhun gerona? Haba Malam. Mu daina lulluɓe sakaci da rigar addini.

Sai mai zargin ɓoye abinci. Wannan magana ce mai nauyi, don ɓoye abinci haramun ne, kuma a Kano mun san yadda yake. A Fabrairun 2024 hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta jiha, ƙarƙashin Muhuyi Magaji Rimingado, ta rufe wasu manyan ɗakunan ajiya a yankin Dawanau bisa zargin ɓoye kayan abinci. 'Yan kasuwar sun musanta, ba shari'ar nake yi a nan ba. Abin da nake so ka gane shi ne ma'anar kalmar. Mai ɓoye abinci yana kwashe kaya daga kasuwa ne ya rufe, yana jiran mutane su galabaita ya fito da shi ya ninka riba. Ni kuwa abin da zan saya kwano-kwano cikin wata biyu na saya lokaci ɗaya, da kaka, lokacin da hatsi ya fi yawa a kasuwa, kuma cikin 'ya'yana zai shiga. Hasali ma ranar da aka shiga matsi kowa ya ruga kasuwa, ni ba na cikin layin da ke sa farashi ya haura. Na rage maka mutum ɗaya a gabanka. Kuma ka lura, waɗanda suka tara don riba a 2024, lokacin da hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100, da yawansu sun ji a jikinsu da farashin hatsi ya faɗo a 2025. Mai ajiyar ci ba ruwansa da wannan caca. Ya tashi ko ya faɗi, tuwo ne dai zai tuƙa.

Yanzu ga maganar da ta fi duk waɗannan ƙarfi, wadda babu wanda ya yi ta a majalisa amma na san za a yi ta a ƙasan wannan rubutu: "Wanda ke hannu baka hannu ƙwarya, da me zai yi ajiya?" Gaskiya ne. Ɗan dako a Kwari, ko mai Adaidaita Sahu da sai ya cika balas kafin ya ga na cefane, ko bazawara mai marayu biyar tana sayar da awara, in na tsaya ina yi musu huɗubar su sayi buhu na zama mara kunya. Ba da su nake ba. Da mu nake, masu albashi da masu shago da masu 'yar sana'ar da ke kawo rara. Mu da za mu fitar da kuɗin anko kala biyu a biki ɗaya, mu kama wurin dina, mu canja waya don ta abokinmu ta fi tamu kyamara, mu sa data ta wata ba tare da mun yi tunani ba, amma a ce ka sayi kwano goma na masara ka ajiye sai ka ce babu hali. Tsakani da Allah, babu hali ne ko babu lissafi? Kuma mu ɗin nan ne ya kamata mu zama rumbun unguwa. Lokacin kulle, bazawarar nan ba gidan gwamnati ta aika ɗanta ba, gidan maƙwabcinta ta aika shi. In maƙwabcin shi ma fayau yake, ina za ta nufa?

Masu jiran gwamnati kuma ga lissafi. A Fabrairun 2024 Shugaba Tinubu ya ba da umarnin a fitar da tan 42,000 na hatsi daga rumbunan gwamnatin tarayya. A rediyo adadin yana da daɗin ji. Raba shi ga mutum sama da miliyan 200, kowa bai samu rubu'in kilo ba. Ko kunun safe bai isa ba, in ma ya iso lungunku ke nan. Ba cewa nake a daina matsa wa hukuma ba, haƙƙinmu ne, a ci gaba da magana. Amma yaro ba ya jiran kwamitin rabo ya zauna.

Ba sai buhu ba fa. In kana sayen kwano biyu, sayi uku ka ture ɗaya. Ku haɗu ku huɗu ku raba buhu. Iyayenmu mata sun fi mu sanin wannan, adashe ba yau suka fara shi ba, matsalar ita ce da yawanmu maza mun mayar da cefanen kullum wata hanyar mulki, kada uwargida ta ga abinci da yawa a gabanta wai za ta yi almubazzaranci ko ta kai gidansu. Wannan ma wani karatun ne. Abin da ke jure ajiya dai mun san shi: gero, dawa, masara, wake, shinkafa, garin kwaki, kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, kaudar tumatir, barkono, gishiri, mai. Wanda duk ya dogara da firji a garin nan bai san halin wutarmu ba. Ka haɗa da gawayi ko da kana da gas, da ashana, da jarka biyu ta ruwa da ba a taɓawa sai dai a juye a sabunta, da 'yan canji na takarda a wani wuri. In akwai tsoho mai hawan jini ko ciwon suga a gidan, kada a bari sai ƙwaya ta ƙarshe kafin a nemo wani. Ana ci daga tsohon ana zuba sabo, kada ka rufe ka manta har ya yi ƙwari ka zo kana cewa ajiya asara ce.

Nan kuma dan Allah a kula, don garin gyaran gira ana rasa ido. Kada wanda ya zuba wa wake fiya-fiya ko Sniper. Saboda irin wannan guba Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015, su sun ƙi ci, mu muna ba 'ya'yanmu. Ƙwayar nan da ake jefawa cikin buhu ita ma iskar guba take fitarwa, kuma a gidajenmu na cikin birni da ɗakin ajiya da ɗakin kwana sau da yawa bango ɗaya ne, wani lokacin ma ɗaki ɗaya ne. Ba a buƙatar ko ɗaya. Ka shanya waken ya bushe sosai, ka cika jarka mai tsabta da shi har wuya, wadda ba a taɓa zuba mai ko magani a ciki ba, ka toshe ta yadda iska ba za ta shiga ba, ƙwaron zai mutu da kansa. Akwai kuma buhun nan mai leda biyu a ciki da ake kira PICS, shi ma haka yake aiki. Sannan a ɗora kaya a kan katako ko bulo, a janye daga jikin bango, saboda mun san yadda ginin ƙasa ke tsatsafo da damina, ga ɓeraye.

Abokina mai tambayar yaƙi, ban manta ba, kuma ba gori nake yi ba don a lokacin ni ma wani ne ya rufa min asiri: a azumin kullen nan kwano biyu na gero ya shiga tsakanin gidana da gidanka, ni da kai mun san ta wace hanya ya bi. Ranar Asabar in Allah Ya kai mu zan koma Dawanau da wasu mutum uku, za mu raba buhun masara da na dawa. Akwai wurin mutum ɗaya a motar. In ka shirya ka same ni a masallaci bayan asuba, ka taho da buhunka da igiya.