Waiwaye: A Cire, Ko A Kewaye?

Ranar 29 ga Janairun 1881, a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, likitan fiɗa Theodor Billroth ya yi abin da ya gagari na gabansa. Wata mata ce mai shekara 43, ciwon daji ya toshe mata mafitar tumbi, duk abin da ta ci sai ya dawo. Ya yanke ƙasan tumbin, ya ɗinke ragowar da hanji, matar kuma ta tashi. Jules Péan ya gwada haka a Faris a 1879, Ludwik Rydygier ya gwada a 1880, majinyatansu ba su kai labari ba. Ita kuwa ta koma cin abinci. Bayan kamar wata huɗu, ciwon da ya riga ya bazu a jikinta ya yi ajalinta.

Masu tarihin likitanci sun fi son wannan rana. Ni wani aiki da aka yi a asibitin da Billroth yake aiki a watan Satumba na shekarar ya fi ɗaukar mini hankali. Anton Wölfler, mataimakin Billroth, ya buɗe cikin wani majinyaci, ya tarar ciwon ya wuce a cire. Bisa shawarar Carl Nicoladoni, sai ya jawo ƙaramin hanji ya haɗa shi da tumbi ta saman inda ya toshe, don abinci ya sami hanyar kewayewa. Ciwon yana nan daram, bai taɓa shi ba, bai kuma yi da'awar warkarwa ba. Burinsa mutum ya ci ya sha, ya huta da amai.

Daga wannan shekara hanya ta rabu biyu, kuma zuciyar likitocin fiɗa ta fi karkata ga ta Billroth. Ko da ciwon ya kai hanta, ko ya watsu a tantanin ciki, sai a ce a cire tushen: an rage wa jiki kaya, an kuma tare zubar jini da toshewar da za su iya zuwa nan gaba. Bayanan asibitoci ma sun goyi bayan haka, domin in aka duba sai a ga waɗanda aka yi wa aiki sun fi daɗewa.

Amma wa ake kaiwa ɗakin tiyata? Mai sauran ƙarfi, mai iya tafiya da ƙafarsa, wanda ciwonsa bai yi nisa sosai ba. Wanda ya galabaita tun a ƙofa ake mayar da shi. Kamar mai kiwo ne ya ware ƙosassun raguna ya ba su sabuwar dusa, ran kasuwa ya riƙa yabon dusar. Kafin a san gaskiya sai da aka bar ƙuri'a ta raba majinyata, ba idon likita ba.

An yi hakan a binciken REGATTA, a asibitocin Japan da Koriya ta Kudu da Singafo. Daga 2008 zuwa 2013 aka ɗauki mutum 175 masu dajin tumbi da ya bazu zuwa wuri guda da ba ya ciruwa. Rabi aka cire musu tumbi sannan aka ba su maganin kemo, rabi aka ba su kemo kaɗai. Bayan shekara 2, kusan kashi 32 cikin 100 na masu kemo kaɗai suna raye, masu tiyata kuwa kashi 25. Tun kafin a kammala aka dakatar da binciken, ganin babu alamar aikin zai yi rinjaye. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Wanda aka cire wa tumbi yakan rame, ci ya ragu, jikinsa ya kasa ɗaukar maganin da shi ne ke riƙe ciwon, musamman in dajin yana saman tumbi.

A dajin babban hanji ma labarin bai sauya ba. A binciken iPACS na Japan, wanda aka fitar a 2021, matsakaicin abin da masu tiyata suka rayu wata 25.9 ne, masu kemo kaɗai wata 26.7. A CAIRO4 na Holan da Denmak kuwa, cikin kwana 60 na farko kashi 11 cikin 100 na rukunin tiyata sun rasu, a ɗaya rukunin kashi 3.

Kada mai karatu ya ɗauki wannan ya ce wuƙa ba ta da rana. Waɗanda aka gwada a kansu mutane ne da tushen ciwon bai toshe musu hanji ba, ba ya kuma zubar musu da jini. Akwai kuma mai dajin babban hanji da ya ɗan taɓa hanta, a cire duka biyun, ya warke da ikon Allah. Wannan babi ne daban. Inda hanji ya toshe, ko ya huje, ko jini ya ƙi tsayawa, tiyatar neman sauƙi irin ta Wölfler tana nan da amfaninta. Yanzu har ana iya zura ɗan bututun ƙarfe ta baki a buɗe mafitar tumbi ba tare da yanka ba. Wani ƙaramin bincike a Holan ya nuna bututun ya fi saurin mayar da mutum ga abinci, tiyatar kewayen kuma ta fi ƙarko ga wanda ake sa ran zai wuce wata 2. Duba abin da ake aunawa a nan: loma nawa ta shiga, amai ya tsaya ko bai tsaya ba, kwana nawa mutum ya yi a ɗakinsa maimakon gadon asibiti.

Wannan bambanci na warkarwa da samun sauƙi shi ke ɓacewa tsakanin bakin likita da kunnen 'yan uwa. A Amurka ma, binciken da Jane Weeks ta jagoranta a 2012 ya gano kashi 81 cikin 100 na masu dajin babban hanji da ya bazu ba su fahimci cewa kemon da ake ba su ba zai warkar da su ba. To ina ga mu, da majinyaci ba ya isa babban asibiti sai an gama da jiƙe-jiƙe da ƙarin ruwa a kemis? Likita ya ce “sai an yi aiki”, dangi su ji “za a cire cutar”. A sayar da gona, a sayar da shanun noma. In ta Allah ta kasance bayan wata uku, sai ka ji ana cewa wuƙa ce ta tayar da ciwon, ko “buɗewa kawai suka yi suka rufe”. Gobe maƙwabcin da nasa ciwon bai yi nisa ba, wanda tiyata za ta iya ceta, ya ƙi zuwa. A ganina laifin likitan da ya fake da “za mu yi iya ƙoƙarinmu” bai gaza na dangin da suka hana a gaya wa Baba komai ba, alhali Baba ne mai cikin, mai gonar kuma.

Ba rashin tawakkali ba ne ɗa ya ce, “Likita, wannan aikin don a warkar da shi ne, ko don ya samu sauƙi? In ba a yi ba me zai faru? Zai iya cin tuwo bayan nan?” In kuma aikin na fitar da hanji ta gefen ciki ne a maƙala jaka, a faɗa wa mai jikin tun bai shiga ba. Dattijai da yawa salla suke jiye wa, kuma malamai sun sanya irin wannan a sahun masu uzuri. A kuma tambayi inda ake sayar da jakunkunan da kuɗinsu a wata, domin asibiti zai sallame shi, buƙatarsu kuwa ba za ta yanke ba.