RA'AYINMU: Ƴan garuwa goma, rijiya guda

Jama'a ƴan kasuwa, maza da mata, a yau za mu tsaya kan wani lamari da ya fara shigowa rumfunanmu ta wayar salula, wato manhajojin biyan kuɗi da kirifto. Duk mai saro kaya daga Kantin Kwari ko Dawanau, ko daga Dubai da Sin, ya san wahalar aika kuɗi. Bai kuma manta da takunkumin da aka ƙaƙaba wa Nijar bayan 26 ga Yulin 2023 ba, lokacin da aka rufe iyakoki aka tsai da hulɗar kuɗi har zuwa Fabrairun 2024. Don haka ba abin mamaki ba ne in matashi ya zo wa Alhaji ko Hajiya da manhaja a waya, ya ce ga hanyar biyan dila cikin minti kaɗan da USDT, wani kirifto da aka ɗaure darajarsa da dalar Amurka.

Wannan jarida ba ta gaba da ci gaba. Sai dai akwai abin da masu tallan ba su cika faɗi ba, alhali kuwa shi ne ya fi shafar jarinku.

Mai gina manhaja ba ya rubuta komai da hannunsa. Akwai wani shiryayyen sashe da yake ɗaukowa kyauta daga intanet, wanda masu sana'ar ke kira laburare, ko da yake babu littafi ko guda a ciki. Wannan sashen ne ke buɗe asusu, ya sa hannu da mabuɗin sirri, ya tura kuɗin, ya kuma duba ko sun isa. Shi mai ginin sai ya ɗora suna da launi da maɓallai a kai. Ke nan manhajoji goma masu sunaye daban na iya zama abu guda a ciki, kamar ƴan garuwa goma, kowa da kurarsa, amma duk rijiya guda suke ɗiba.

Gaskiya ne akwai alheri a haka. Aiki ya fi sauri, kuɗin gini ya ragu, kuma sashen da dubban masana ke dubawa ya fi wanda mutum ɗaya ya ƙirƙira a ɗakinsa inganci. Yaro mai basira a Maraɗi ko Tawa na iya gina abin da a da sai babban kamfani. To amma ranar da aka zuba guba a rijiyar fa?

An sha zubawa. A 2018 wani mai kula da irin wannan sashe mai suna event-stream ya gaji da aikin kyauta, ya miƙa shi ga wani baƙo da ya ce zai taimaka. Baƙon ya ɓoye tarko a ciki domin satar mabuɗan masu amfani da manhajar Copay. A ranar 14 ga Disamban 2023 ɓarayi suka yaudari wani tsohon ma'aikacin kamfanin Ledger na Faransa, suka shiga da sunansa suka sauya sashen da manhajoji da dama ke dogaro da shi. Cikin ƴan awoyi an kwashe kusan dalar Amurka dubu 600, wato kimanin sefa miliyan 360. A Disamban 2024 haka ta faru ga sashen da ake gina manhajojin Solana da shi. Sannan a ranar 8 ga Satumban 2025 aka gurɓata sassa 18 waɗanda a haɗe ake saukewa sama da sau biliyan 2 a mako, da wani tarko mai musanya lambar asusun wanda za a biya da ta ɓarawo mai kama da ita. An gano shi da wuri, shi ya sa asarar ba ta yi yawa ba.

Ku lura, a irin wannan sata mai kuɗin bai yi sakaci ba. Bai ba kowa lambar sirrinsa ba. Shi ma wanda ya gina manhajar ba lalle ne ya zama macuci ba; ya ɗebo ruwa ne bai ɗanɗana ba. Ga shi kuma kuɗin kirifto in sun fita babu ofishin da za ki je da risit ki ce a maido miki. Ledger ya yi alkawarin biyan waɗanda aka sata domin babban kamfani ne mai tsoron zubewar suna. Manhajar da ba a san mazaunin mai ita ba, wa za a kama?

A nan ne muke ganin bambanci da hanyoyin da muka saba. A ƙasashen UEMOA sefa ce kawai kuɗin da doka ta wajabta karɓa. Kirifto ba ya cikin wannan matsayi. A ranar 30 ga Satumban 2025 babban bankin BCEAO ya ƙaddamar da tsarin PI-SPI domin a iya tura kuɗi nan take tsakanin bankuna da asusun waya. Shi ma rijiya guda ce, amma rijiya mai sanannen mai gadi, wanda ake iya kai wa kuka.

Saboda haka muna kira ga matasanmu masu gina manhajoji da su riƙe amana. Kada su bar manhaja ta riƙa ɗauko sabon sashe da kanta ba tare da an duba shi an gwada ba. Su bayyana sassan da suka yi gini da su, su sa wasu masana na dabam su binciki aikin, su ajiye lambar da za a kira in matsala ta taso, sannan su rubuta baƙi da fari, cikin Hausa, wanda zai ɗauki asara in laifin daga manhajar ne. Wanda ba zai iya ɗaukar wannan nauyi ba, to kada ya taɓa jarin mai sayar da atamfa.

Muna kira ga hukumomi da su fito da ƙa'ida bayyananna tun kafin a fara koke-koke. Najeriya ta hana bankuna hulɗa da kirifto a Fabrairun 2021, ta janye hanin a Disamban 2023, daga bisani ta shigar da shi cikin dokar zuba jari ta 2025. Darasin shi ne hani kaɗai ba ya korar abin, sai dai ya tura shi inda ido ba ya gani. Ƙungiyoyin ƴan kasuwa kuma, daga babbar kasuwar Maraɗi zuwa kasuwar Dole ta Damagaram da Katako ta Yamai, ya kamata su gayyato masana su yi wa jama'a bayani.

Ku kuma iyayenmu mata da ƴan'uwa ƴan kasuwa, ga shawararmu. Kada ku zaci raba jari cikin manhajoji uku ya zama raba ƙafa, domin mai yiwuwa duk ukun rijiyarsu guda. Kada ku mai da waya asusun ajiya. Ku sa abin da za ku biya a ranar kawai. Ku fara tura kaɗan, ku kira dila ya tabbatar ya gani, kana ku tura sauran. Ku duba lambar asusun tun daga farko har ƙarshe. Kalmomin sirri 12 ko 24 da ake ba ku wajen buɗe asusu kuwa, su ne dukiyar kanta, ko wanda ya sa muku manhajar kada ya gan su.

Kafin ku yarda da kowace manhaja, ku yi wa mai tallanta tambaya guda: in kuɗina suka ɓace ba da laifina ba, wa zai biya ni, kuma ina ofishinsa? In ya fara kame-kame, ku riƙe abinku. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani.