Ina Sunan Mai Kalangu?

Jama'a, akwai wani zalunci da ake tafkawa a fagen nazarin waƙar baka, kuma abin takaici, masu takarda da alƙalami ne ke tafka shi. Tara ɗaliban Hausa ɗari a zaure guda ka ce su lissafo maka mawaƙa, nan take za ka ji Narambaɗa, Jankiɗi, Ɗanƙwairo, Ɗan Anace, Shata, Barmani Coge. To, ce musu su faɗi sunan mutum ɗaya tak da ya riƙe wa Shata kalangu, ko wanda ya yi wa Narambaɗa amshi. Shiru kake ji, wai malam ya ci shirwa.

Alhali kuwa duk mai kunne ya san waɗannan bayin Allah su ne ginshiƙin waƙa. Harshen Hausa harshe ne mai hawa da saukar murya, kalangu kuwa da haka yake magana. Makaɗi na saƙale shi a hammata, in ya matse tsarkiya sauti ya hau, in ya sassauta ya sauka, har ya kira taken mutum tun mawaƙi bai buɗe baki ba. Shi ne ke aza karin da mawaƙi zai hau. In ya yi gaggawa numfashin mawaƙi ya ƙare, in ya yi nawa waƙa ta yi sanyi, masu kyauta su mai da hannu aljihu. Haka abin yake ga kotson Narambaɗa da Ɗanƙwairo, da taushin Jankiɗi, da ƙwaryar matan da ke zaune bayan Barmani.

Zancen 'yan amshi kuwa ya fi ban haushi. A waƙar fada sau da yawa jagora tsokano ɗan waƙa kawai yake yi, 'yan amshi su cafe, su yi ƙari, su kai shi har gindin waƙa. Wato wani baitin da ɗalibi zai kwana yana yaba azancinsa, rabinsa daga bakin mutanen da bai san sunansu ba ya fito. Amma da an zo rubuta kundi sai a sa "Jagora" da "'Y/Amshi", shi ke nan, sai ka ce ba uwa ce ta haife su ba. Kiɗan kuma a bar shi cikin kaset, tun da ba ya hawa takarda.

Na san abin da wasu za su ce: ai waƙa ta mai baki ce, shi ya ƙago, shi ke da ubangida, shi ake gayyata. Ban musa ba. Digirin girmamawa da Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shata a 1988 ya cancance shi, ko hasidin iza hasada ya san haka. Amma a tuna mini, a wace makaranta shi jagoran ya yi karatu? Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, a bayan mahaifinsa da yayansa Kurna ya fara, yana amshi, kafin duniya ta san shi. Da ajali ya riske shi yana ɗan amshi, da yau babu ɗalibin da zai ambace shi. Su nawa ne irinsa da suka mutu a sahun baya? Ban da irin su Ɗanmaraya Jos mai kuntigi da Haruna Uji na Haɗeja mai gurmi, waɗanda suka haɗa baki da hannu, kowane mawaƙi akwai bashin wani a wuyansa. Kai, ko laƙabin da muke girmama su da shi, Makaɗa wane, daga kiɗa aka samo shi.

Wannan cuta ta taɓa kama Amurka. James Jamerson ya kaɗa jita mai kaurin murya, wadda ake kira bes, a ɗimbin waƙoƙin kamfanin Motown, amma shekara da shekaru ba a buga sunansa a bangon faifai. Sai a 1971, a faifan Marvin Gaye, aka fara yi masa adalci. Ya rasu a 1983, aka karrama shi a 2000, yana kabari. Su dai sun farga, ko da a makare. Mu fa?

Ba sai an je nesa ba. A ƙasarmu ta Zandam da Gwaram da Birnin Kudu, wa ke tsayar da biki in ba mai kalangu ba? Wa ke zaburar da samari ranar gayya in ba mai gangar noma ba? Tsofaffinsu na nan suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, da take da kirarin zuriya guda a cikin kawunansu, mu kuwa ana ta maimaita mana salon kamance a Bakandamiya karo na ɗari.

Don haka ina kira ga Ƙungiyar Hausa da malamanmu, Allah ya ƙara musu sani, da a kafa sharaɗi: duk kundin da aka rubuta kan mawaƙi, a kawo sunan kowane makaɗi da ɗan amshi da sanƙira, da garinsa, da abin da yake kaɗawa, da wanda ya koya masa. Wanda ya kasa kawowa a mai do masa da kundinsa ya koma ƙauye ya tambayo.