Littafi Ya Ce, Awo Ya Ce: Wanne Za Mu Bi?

Jama'a, ina roƙon Edita ya ba ni ɗan fili in faɗi wani laifi da na yi, ko 'yan'uwana ɗalibai sa kauce masa.

Sa'ad da aka tura mu gwajin koyarwa, aka kai ni wata makaranta kusa da Jos. Ran nan na sa yara su tafasa ruwa su auna zafinsa. Wani yaro ya rubuta digiri 96. Na ja masa jan layi, na ce littafi ya ce 100, ya je ya gyara. Ya gyara kuwa, bai ce uffan ba. Sai daga baya na tuna a kan tudu mu ke, inda iska ba ta danna ruwa kamar yadda ta ke yi a bakin teku, saboda haka ya kan tafasa tun bai kai 100 ba. Ashe yaron ne da gaskiya.

Da na shiga karatu a kan tafasar ruwa, sai na tarar manyan masana ma sun daɗe cikin irin wannan kuskure. Ga yadda abin ya ke. In an rufe ruwa cikin tukunya mai ƙarfi ƙwarai aka yi ta ba shi wuta, ruwan ya kan riƙa rage nauyi, tururin da ke bisansa kuwa yana ƙara nauyi. In zafi ya kai digiri 374, sai mudun ruwa da mudun tururi su zama nauyi ɗaya, iyakar da ke tsakaninsu ta ɓace. Nan ce magaryar tuƙewa. Tambayar masana ita ce: da wane irin sauri bambancin nan ya ke raguwa in ana kusantar wurin?

Amsar tana cikin 'yar ƙaramar lambar nan da mu kan rubuta bisa kafaɗar wata lamba, kamar 2 bisa kafaɗar 3, watau 9. Ita ma tana iya zama gutsure. In lambar kafaɗa 1/2 ce, to, in tazarar da ta rage a kai digiri 374 ta ragu sau huɗu, bambancin zai koma rabi. In kuwa 1/3 ce, sai tazarar ta ragu sau takwas kafin ya koma rabi.

A 1873 wani masani na ƙasar Holan, Van der Waals, ya kawo lissafi mai kyau wanda ya ba da 1/2. Wajen 1900 wani mai suna Verschaffelt ya auna da hannunsa, ya sami kusan 1/3. Ba a kula da shi sosai ba, gama lissafin babban malami ya riga ya shiga littattafai. A 1945 Guggenheim na Ingila ya jera awon abubuwa takwas dabam dabam, duka suka hau layi guda, lambar kuwa 1/3. Duk da haka sai a 1971 Kenneth Wilson na Amurka ya fito da hanyar da ta warware dalili, aka ba shi kyautar Nobel a 1982. Tsohon lissafi ya ɗauka ko'ina cikin tukunya daidai ya ke. Alhali kuwa kusa da magaryar tuƙewa wani sashe ya fi kauri, wani ya fi sakayau, manya da ƙanana a cakuɗe, har abin ya yi fari fat kamar madara. Yau an san lambar wajen 0.326 ce. Abin mamaki, ita ce dai a ke samu a wani irin maganaɗisu sa'ad da zafi ke gab da kashe ƙarfinsa. Ina ruwa, ina maganaɗisu? Amma lambarsu ɗaya.

To, ku duba. Shekara wajen saba'in awo yana faɗin gaskiya, ana sauraron littafi. Ni ma abin da na yi wa yaron nan ke nan.

Na san wani zai ce, ai ma'aunan makarantunmu tsofaffi ne, yara kuma su kan yi ganganci, ga shi mai jarrabawa amsar littafi ya ke so. Gaskiya ne. Ban ce a jefar da littafi ba, gama ba don lissafin Van der Waals ba, da ba a san abin da za a gwada awon da shi ba. Abin da na ke roƙo kaɗan ne. In awon yaro ya saɓa wa littafi, kada mu sa shi ya goge. Ya rubuta biyun gefe da gefe, a sake aunawa, ajin duka su nemi dalili. Wani lokaci ma'auni ne da laifi, wani lokaci yaro, wani lokaci kuwa akwai abin da malam bai sani ba.

Yaron da aka koya wa goge abin da idonsa ya gani don gudun jan layi, in ya girma ya zama akawu ko malamin asibiti, me zai rubuta? Mu da mu ke cewa gani ya kori ji, bai kamata mu koya wa yara akasin haka ba. Ni dai na koma makarantar, na nemi yaron, na mayar masa da 96 ɗinsa a gaban ajin.