Kujerun jirgi da kuɗin tikitin zuwa gida

Kowane wata kamfanin Turkish Airlines, mai sauka a filin jirgin Diori Hamani na Yamai, yana fitar da lissafin fasinjojinsa. A shekarar 2023 ya ɗauki mutum sama da miliyan 83, kuma cikin kowace kujera 100, fiye da 80 sun samu mai zama.

Mi ya haɗa mu da wannan lissafi? A tasha, direba bai tashi sai mota ta cika. Jirgi kuwa, lokaci na yi sai ya tashi, cike ko wayam, kuma mai ɗin da zai sha kusan ɗaya ne. Hanyar da kujerunta ke zama wayam, kamfani rage mata jirage yake. Wadda ke cika maƙil, kuɗinta ke hawa.

Tun watan Agustan 2023 da Air France ya daina zuwa Yamai, ƴan'uwanmu na Turai da dama sai sun bi ta Istanbul ko Kazablanka. Kujeru sun ragu, masu nema na nan. Don haka mai niyyar zuwa hutun damina ko Salla, ya yanki tikiti tun da wuri.