Sharhi: Taswirar cikin salula, wa zai gyara mana ita in ba mu ba?

Tun watan Maris na 2025, lokacin da sabon kundin tafiyar da ƙasa ya mai da Hausa harshen ƙasa a Nijar, ake ta muhawara a kan lakkol da takardun gwamnati. Mu kuma akwai wani wurin da muka ga an manta: taswirar da ke cikin salularmu. Mu Dungu muke cewa, amma a takardu Doungou ake rubutawa, Kance kuma Kantché. Ɗanmu da ya nemi garinsu da rubutun Hausa yana iya shan wahala kafin ya same shi.

Akwai taswirar da ba mallakar wani kamfani ba ce, sunanta OpenStreetMap. Wani Bature, Steve Coast, ya fara ta a Ingila a 2004, kuma ƴan sa kai ne ke zana ta. Manhajoji irin su Organic Maps da OsmAnd da ita suke aiki, har inda babu reso, muddin an sauke taswirar tun da wuri. Su ma buɗaɗɗu ne, kowa na iya kai ƙorafi ko shawara.

Maganar ba ta wasa ba ce. A 2014 ƙungiyar MSF da wasu ƙungiyoyin agaji suka kafa shirin Missing Maps domin sa garuruwan da aka manta cikin wannan taswira. Ke nan masu agaji suna dubanta. In ƙauye ba ya ciki, ko an nuna hanyar da ruwa ke yankewa da damina, direban da bai san yankin ba yana iya ɓata lokaci, alhali mai naƙuda na jiran a kai ta asibitin Matameye.

Matsalarmu ita ce mukan yi ƙorafi a fada mu tashi. Masu gyaran kuwa suna nesa, ba su jin hirar fada. Sai an rubuta musu.

Kuskuren iri biyu ne. In na taswira ne, kamar suna, rijiya ko hanya, ana iya barin ɗan saƙo daidai wurin a shafin OpenStreetMap, ko ba ka yi rajista ba. In manhajar ce ke tsayawa ko rufewa, masu Organic Maps suna karɓar rahoto ta GitHub ko imel. A nan "ba ta aiki" bai isa ba. A faɗi irin salular, abin da aka danna, abin da ya faru, a haɗa da hoton allon.

Shawara ma hanyarta ke nan. Muna buƙatar muryar da ke ba da hanya da Hausa saboda waɗanda ba su yi boko ba. A sani fa, ƴan sa kai ne, ba dole su amsa gobe ba, amma buƙatar da mutum goma suka bayyana dalilinta ta fi ta mutum ɗaya nauyi.

Ƴan uwanmu na Kano, Agadas da Aljeriya, reso ya fi muku kyau, wasunku na jin Faransanci ko Ingilishi. Mu na gida mun san kowane kwazazzabo. Mu aiko muku da bayanin ta WhatsApp, ku rubuta. Kafin damina mai zuwa, kowa ya duba ko ƙauyensu na ciki, kuma da sunan da muke kiran shi.